Kwana 12 a hamadar Amurka da mota mai ɗaki: babba zan ɗauka ko ƙarama?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni taka wannan hanya. A watan Fabrairu mai zuwa, idan Allah ya kai mu, ina da hutun kwana 12, kuma na ƙudurta in ɗauki hayar mota mai ɗaki, irin wadda Amurkawa ke kira RV, in zagaya da iyalina cikin hamadar kudu maso yammacin ƙasar. Mu biyar ne: ni da maiɗakina da yara biyu, sai mahaifiyarta wadda ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa saboda ciwon gwiwa. Daga Finiks za mu tashi, mu gangara Tuson, mu ratsa ta gandun dajin Organ Pipe kusa da iyakar Meksiko, mu haura gandayen Joshua Tree da Death Valley, sannan mu biyo ta babban kwarin nan na Grand Canyon mu dawo. An nuna mini motoci biyu, ɗaya mai tsawon ƙafa 30, ɗaya mai ƙafa 24. Zuciyata ta karkata ga babbar, domin a ganina hamada fili ce fetal, girman mota ba zai zama matsala ba, kuma tunda ƙasar zafi ce ba sai mun yi lodin kayan sanyi ba. Don Allah wanda ya san abin da ban sani ba ya haska mini.

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanan. Zan fara da batun filin nan da ka ambata, domin a nan yawancin baƙi suke yin kuskure. Gaskiya ne cewa manyan tituna a shimfiɗe suke, amma abubuwan da mutum ya je kallo ba a bakin babban titi suke ba, suna can ƙarshen wasu ƙananan hanyoyi masu lanƙwasa da hawa, kuma hukumomin gandun sun ƙayyade tsawon motar da za ta bi su. A Death Valley, motar da ta haura ƙafa 25 ba a barin ta ta bi hanyar Artists Drive, inda duwatsu suke da launi kore da ja da shuɗi-shuɗi, haka kuma ba za ta hau ƙarshen hanyar Dante's View ba, inda ake hango kwarin gaba ɗaya daga sama. A Organ Pipe ma zagayen Ajo Mountain, wanda ya kai kusan kilomita 34 kuma shi ne mafi kyawun abin gani a wurin, an hana dogayen motoci shiga. Tunda ka ce Hajiya ba ta iya tafiyar ƙasa, wuraren da ake kallo daga cikin mota su ne rabonta, kuma su ne babbar motar za ta hana ta.

Ummu_Zainab:
Ni maganar kayan sanyin ce ta tayar mini da hankali. Ɗan'uwa, ka cire wannan tunani daga ranka tun yanzu. Bakin Grand Canyon na kudu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, kuma a Fabrairu dusar ƙanƙara tana sauka a can, da dare kuma ma'aunin zafi yakan faɗi ƙasa da sifili. Bakin arewa ma rufe shi ake yi duk lokacin hunturu. Mu mun taɓa kwana a Joshua Tree a irin wannan wata, da rana muna yawo da riga shara-shara, da asuba muka tarar ruwan da muka bari a kwano a waje ya daskare. Abin da yake tsara yanayin wannan ƙasa shi ne tsayin wurin da kake tsaye. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa za ka bar Finiks kana fifita, bayan tuƙin awa biyu da 'yan mintuna ka isa garin Flagstaff da ke kan tudu kana neman bargo.

Bakanike77:
Ina goyon bayan Ummu Zainab, in kuma ƙara da cewa sanyin ba jikin mutum kaɗai yake taɓawa ba. Bututun ruwan motar yana iya daskarewa ya fashe, kuma ɓarnar a wuyan mai haya take faɗawa. Ka tambayi kamfanin ko sun yarda a kai motar wurin da ruwa yake daskarewa alhali tankunanta a cike suke.

Mai_Iyali_Shida:
Ku yi haƙuri in ɗan saɓa wa Baba Tsohon Direba, duk da cewa abin da ya faɗa game da dokar tsawo gaskiya ne. Mutum biyar a mota mai ƙafa 24 har tsawon kwana 12 ba wasa ba ne, musamman ga wanda yake tare da surukarsa. A ƙaramar motar, teburin cin abinci shi ake mayarwa gado kowane dare, ke nan ba wanda zai kwanta sai kowa ya gama, ba kuma wanda zai zauna da safe sai mai gadon ya tashi. Gadon da yake saman kan direba kuwa da tsani ake hawansa, ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne. Babbar tana da ɗaki a baya mai ƙofa, inda dattijuwa za ta keɓe ta huta ba tare da an takura mata ba. Abin da muka yi mu shi ne, muka ɗauki babbar, muka ajiye ta a sansani kusa da Tuson kwana huɗu, muka yi hayar ƙaramar mota ta yini biyu muka shiga duk inda muke so. Dama ko da ƙaramar ce, ba a kwana da mota a cikin gandun Saguaro da ke gefen Tuson, sai dai a sansanonin da suke kewaye da shi.

Tsohon_Direba:
Na karɓi wannan gyara, ɗana. Amma dabararka a Tuson take aiki, inda gari yake kusa. A Organ Pipe ko tsakiyar Death Valley ina zai samo ƙaramar motar haya?

'Yar_Taurari:
Da izininku zan bar batun mota in yi magana a kan jerin wuraren, domin a ganina matsalar tana can. Malam Abu Hanan ya lissafa wurare biyar a jihohi uku cikin kwana 12, kuma idan aka auna hanyar za a ga ta haura kilomita 2,000 nesa ba kusa ba, a cikin motar da ba a gudu da ita, wadda kowace safiya sai an naɗe rumfa, an cire wayar lantarki da tiyo, an ɗaure kwanuka kafin a tashi. Hamada da safe da kuma yamma take nuna kyawunta. Da tsakar rana hasken yakan wanke launin komai, duwatsun su koma toka-toka, dabbobin su shige ramuka. Wanda yake sauya masauki kullum, safiyarsa a naɗe kaya take ƙarewa, yammarsa kuma a neman wurin tsayawa, sai ya zama abin da ya gani na hamadar shi ne tsakar ranarta ta gilashin mota.

Ni na yi kwana uku a yammacin Tuson ban je ko'ina mai nisa ba. Akwai itacen saguwaro, wani tsiro mai ƙaya da ya yi kama da ƙerana amma yana iya haura mita 12, wanda yakan shekara 50 zuwa 75 kafin ya fitar da reshensa na farko, kuma yana iya rayuwa shekara 150 ko fiye. Idan rana ta kusa faɗuwa sai ka ga dubbansu a jikin tudu kamar jama'a sun ɗaga hannuwa sama. A Signal Hill, cikin gandun Saguaro, akwai zane-zanen da mutanen Hohokam, mazauna yankin na dā, suka sassaƙa a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma hawan bai da nisa, ko da yake akwai matakala, don haka Hajiya sai dai ta jira a inuwa. Da dare kuwa a watan Fabrairu, kaza da 'ya'yanta tana tsaye a saman kai tun bayan magariba, kuma yarana sun ƙirga taurarinta fiye da yadda suka taɓa iyawa a cikin gari. Da ni ce, da na cire Grand Canyon na bar shi sai wata tafiya.

Ɗan_Kasada:
A cire Grand Canyon? Yaya 'Yar Taurari, mutum zai je har Arizona ya dawo bai leƙa ramin da ya kai zurfin fiye da kilomita ɗaya da rabi ba? Wa ya san ko zai sake samun wannan dama? Daga Finiks tafiyar ba ta wuce awa huɗu zuwa biyar ba. Ni da za a bi tawa, Organ Pipe zan cire, domin wanda ya ga Saguaro ya ga rabin abin da ke can.

Bakanike77:
Kafin a ci gaba da cire wannan a saka wancan, bari in yi maganar ruwa, domin shi ne zai yanke yawan kwanakin da za a yi a kowane wuri. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Hukumar gandun dajin Amurka tana ba da shawarar kowane mutum ya sha kusan lita 4 a yini a cikin hamada, ke nan ku biyar lita 20 ne na sha kawai, ba a yi girki ba, ba a wanke kwano ba. Motar da na yi amfani da ita tana ɗaukar lita 150, muna mu huɗu, kuma duk tsantseninmu a rana ta uku muke ganin ƙarshensa. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne tankin ruwan wanke-wanke yakan riga na tsabta kai ƙarshe, ya cika ya fara dawowa ta magudanar banɗaki, kuma haramun ne a doka ka buɗe shi a ƙasa a cikin gandu, sai ka nemi wurin da aka tanada don juyewa. A Joshua Tree yawancin sansanonin da suke tsakiyar duwatsun nan masu kyau babu famfo ko ɗaya, sai a Black Rock da Cottonwood. A nan babbar mota ta ci ƙarama, domin tankinta ya fi girma. Amma ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, kuma da wannan nauyin za ka hau mashigar dutsen Towne Pass, mai tsayin mita 1,500 da ɗoriya, idan ka fita Death Valley ta yamma. A gangara ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa zai ji warin ƙauri, daga nan kuma birkin ya daina kamawa.

Ummu_Zainab:
Shawarata a kan ruwan sha ita ce a ware shi a jarkoki daban, kada a dogara da tanki. Ranar da famfon lantarkin motarmu ya ƙi tashi, ruwa yana nan a cike a ƙarƙashinmu amma ba mu da hanyar ɗebo shi, jarkokin ne suka rufa mana asiri har gari ya waye.

Malamin_Jogarafi:
Tunda an ambaci Death Valley sau da yawa, yana da kyau a san abin da za a tarar. Badwater, inda gishiri ya shimfiɗu fari fat, yana ƙasa da doron teku da mita 86, kuma shi ne wuri mafi ƙasa a nahiyar Amurka ta Arewa. A Furnace Creek ne aka auna zafin digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli, 1913. Sai dai Fabrairu wani abu ne daban, da rana zafin yakan tsaya wajen digiri ashirin da 'yan kai, kuma shi ya sa sansanonin suke cika a wannan lokaci. Wanda bai kama wuri da wuri ba zai iya isa da magariba ya rasa inda zai tsaya.

Ɗan_Kasada:
Malam, ni a makaranta an koya mana cewa a Libiya aka auna zafi mafi tsanani a duniya.

Malamin_Jogarafi:
Haka aka koya wa da yawa daga cikinmu, kuma littattafan ba su yi ƙarya ba a zamaninsu. An rubuta digiri 58 a garin Aziziya a 1922, amma a 2012 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sake bincikar awon ta soke shi saboda kurakuran da aka gano, sai kambun ya koma Furnace Creek. Wani abin da ya fi wannan amfani ga matafiyi shi ne, hamadar da ta fi kowace bushewa ita ce ruwa ya fi yi wa ɓarna. A watan Agusta na 2023, ragowar guguwar Hilary ta zubar a yini ɗaya da ruwan da ya kai na shekara guda a Death Valley, hanyoyi suka yanke, aka rufe gandun kusan wata biyu, har tafki ya taru a Badwater. Ƙasar ba ta shan ruwa da sauri, don haka abin da ya sauka a kan dutse mai nisan kilomita da yawa yakan gangaro ta busasshen kwari ya iske mutumin da ko gajimare bai gani ba. Damina a Arizona daga tsakiyar Yuni take zuwa ƙarshen Satumba, amma ana samun ruwan hunturu ma. Kada a yada zango a cikin busasshiyar ƙorama komai laushin yashinta da kyawun inuwarta.

Tsohon_Direba:
Kuma Arizona tana da doka cewa wanda ya kewaye shingen da aka sa a hanyar da ruwa ya cika, ya shiga ya maƙale, ana iya ɗora masa kuɗin ceto shi. Iska ma abin lura ce ga mai babbar mota, domin jikinta kamar bango yake, tana karɓar iskar gefe gaba ɗaya. Idan hadarin ƙura ya taso, ƙa'idar jihar ita ce ka sauka daga kan titi gaba ɗaya, ka kashe fitilu duka, ka ɗage ƙafa daga birki, don kada na baya ya ga jar wuta ya ɗauka kana tafiya ya biyo ka.

Baƙon_Turai:
Ina bibiyar wannan muhawara daga nesa, ban taɓa zuwa Amurka ba, amma na yi irin wannan tafiya a kudancin Maroko, inda Turawa masu ritaya suke tsallakawa da motocinsu daga Sifen duk hunturu. Abin da kuke faɗa duk na gan shi a can. Mun tsallaka mashigar dutsen Tizi n'Tichka, mai tsayin fiye da mita 2,200, muna rawar ɗari, washegari muna Warzazat cikin rana. A Merzuga kwalta tana kai ka har gindin tuddan yashin Erg Chebbi, waɗanda wasunsu suka kai mita 150, daga nan kuma motar ɗaki ba ta da sauran aiki, sai ƙafa ko raƙumi. Na ga wani ya ce zai ɗan matsa da motarsa kusa da yashin don ya sami hoto mai kyau, tayoyin baya suka nutse har gindi, yinin nan cur ya tafi a haƙa. Motar ɗaki masauki ce da take kai ka bakin hamada, cikin hamadar kuwa da wani abin ake shiga.

'Yar_Taurari:
Maganar Baƙon Turai ita ce tawa, sai dai ya fi ni iya faɗa. Ina so in tuna wa Malam Abu Hanan abu biyu saboda yaran. Akwai wani tsiro da ake kira coya, yana da yawa a wani fili na Joshua Tree, gaɓoɓinsa suna ɓallewa da ɗan taɓi kaɗan su maƙale a takalmi ko ƙauri, kuma wanda ya sa hannu zai cire ya ƙara wa kansa aiki. Da mataji ake zare shi, don haka a sa ɗaya a aljihu. Na biyu, kada a bar takalma a waje da dare, idan kuma an bari a kakkaɓe su da safe saboda kunama. Macizai masu kacau-kacau a wutsiya ba su cika fitowa a Fabrairu ba, amma rana mai ɗumi tana iya fito da su.

Mai_Iyali_Shida:
Ga wanda yake son rage kashe kuɗi, akwai filayen gwamnatin tarayya da ake yada zango a cikinsu har kwana 14 ba tare da an kama wuri ba. Garin Quartzsite, a kan babbar hanya mai lamba 10 tsakanin Finiks da Kalifoniya, ya yi suna da wannan, a watan Janairu motocin ɗaki sukan cika dajin da yake kewaye da shi iya ganinka. Amma babu ruwa babu lantarki a irin waɗannan filaye, kuma kamfanonin haya da yawa sun hana a sauka daga kwalta. Ni na taɓa biyan tarar da ban yi tsammani ba saboda wata gargada ta kilomita biyar da ta kwance ƙofar kabad ta fasa madubi, kuma da na koma ga takardar yarjejeniya na tarar laifina ne. A karanta takardar nan kafin a sa hannu. A kuma riƙe fasfo kusa a hanyar Organ Pipe, domin akwai shingayen jami'an iyaka a cikin ƙasa.

Abu_Hanan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Kayan sanyi dai an gama magana, maiɗakina ta riga ta fito da barguna. Jarkoki da mataji ma na rubuta. Da na zauna da taswira jiya da dare na ga gaskiyar Yaya 'Yar Taurari, domin a tsarina na farko yini bakwai daga cikin 12 a kan titi za su ƙare. Na yi niyyar cire Grand Canyon, amma da na faɗa wa Hajiya sai ta ce duk cikin sunayen da nake ta jerawa shi kaɗai ta taɓa ji, kuma shi za ta ba da labari idan ta koma gida. Batun mota kuwa har yanzu ina tsaka mai wuya: ƙaramar za ta kai ta wuraren kallo, babbar za ta ba ta ɗaki mai ƙofa. Ko akwai wanda ya taɓa ganin mai ƙafa 25 daidai, wadda take da gado a ƙasa ta baya?

Bakanike77:
Akwai su, gadon yana kusurwar baya kusa da banɗaki, labule ne yake raba shi da sauran motar. Amma ka je da abin awo ka auna da kanka daga hanci zuwa wutsiya, domin lambar da ake rubutawa a jikin motar ba kullum take daidai da tsawonta ba, kuma tsanin baya da mariƙin kekuna duk suna shiga lissafi.

Ɗan_Kasada:
Ina bayan Hajiya. Idan sanyin dare ne abin tsoro, a kwana a ƙasa inda ya fi ɗumi, a yi sammako a haura, a yi kallo a sauko kafin duhu.

Ummu_Zainab:
Sammako da babbar mota a kan titin da ƙanƙara ta kwana a kai, Ɗan Kasada? Gara a jira rana ta ɗaga. Kuma a bar wannan zango a ƙarshen tafiya kamar yadda Malam Abu Hanan ya tsara tun farko, a duba hasashen yanayi kwana biyu kafin nan, idan hadari yana tafe a ƙara kwanakin a Death Valley.